Tafiya Ɗaya, Lafiyar Gida Duka

 

Kai makiyayi, bari in tambaye ka. In mai allurar dabbobi ya zo, saniya ɗaya kake kai masa, ko garken duka kake korowa? To me ya sa ranar da zazzaɓi ya kayar da kai kake zuwa asibiti kai kaɗai, ka baro uwargida da ciki ba awo, ka baro jariri ba rigakafi?

Ƙaramin asibitin gari na gida duka ne. Wannan tunani ba sabo ba ne. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, suka amince a kusanto da magani kusa da jama'a, uwa da ɗa a sahun gaba. Abin nufi, inda ake duba ka nan ake awon ciki, nan ake auna nauyin yaro, nan ake rigakafi da shawarar tazarar haihuwa.

Ga abin da tafiya ɗaya za ta samar maka. Mai ciki za a gwada hawan jininta, a ba ta maganin ƙarin jini. Daga wata na huɗu a fara ba ta maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, aƙalla sau 3, da wata guda a tsakani. Jaririn da ya cika wata 9 a yi masa allurar ƙyanda. Da damina kuma, yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 ana ba su maganin kariya kowane wata, kwana 3 a jere. Mu da muke bakin kogi da fadamun shinkafa, ai mun san aikin sauro. A 2024 ma Benin da Nijar duk sun fara allurar rigakafin wannan zazzaɓi ga ƙananan yara. In ka je, tambayi ko yaronka ya isa.

To, saura maganar karne. Kai ɗan kasuwa, ba ka ƙetare kogi ba takardar kayanka. Haka karnen yaro da na mai ciki. A naɗe su a leda saboda ruwan kwale-kwale, su bi ku duk inda kuka sauka. Allurar da aka fara a Garu, ma'aikacin lafiya a Gaya zai duba karne ya ga inda aka tsaya, ya ɗora daga nan. In babu karne, sai ya koma tambaya da kirdado.

Na san za ka ce wa zai tsare shanu, wa zai tsare rumfa? Gaskiyarka. Amma yini ɗaya da ka zaɓa da kanka ya fi sauƙi a kan daren da yaro ya fara jijjiga, kana neman babur a duhu, kana sayar da ɗan maraƙi a wulaƙance.

Uwa, ki lura. Jini lokacin ciki, kumburin fuska, ciwon kai mai tsanani, ko yaro ya ƙi nono, ba a jiran ranar kasuwa. A tafi nan take. Maigida, ka ba da izini da kuɗin hanya tun yau, ko da ba ka gari.

Kafin ku tashi zuwa mashekari na gaba, a biya asibiti da iyali duka, a tambayi ranar komawa, a sa su rubuta ta a karne.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya raya mana zuri'a. Sai mun haɗu a shiri na gaba.