Ilmin Allo da Ilmin Hannu



Almajirin tsangaya a Kiru shi ke haɗa tawadarsa da gawayi da ƙaro, ya fiƙe alƙalaminsa, da damina ya bi malam gona. Ta haka hankalinsa ke buɗewa, ya san awo da lissafi. Ɗan Hausa ma, da ya buɗe makarantar Nassarawa a 1909, ya haɗa karatu da sana'a.

To, yau yaron Bebeji a littafi yake haddace noman rani, alhali ga madatsar Tiga tun 1974 a bayan gidansu. Gobe mu ne malamansa. Lalle ne mu ba shi ɗan fegi ya dasa albasa, ya auna, ya rubuta abin da ya gani. Gani ya kori ji.