Gobara Ba Ta Tambayar Takarda

Jama'ar Kpébié, 'yan'uwa na Zangon Parakou da na Djougou.

Doka ta ce a yi wa kowane layin waya rajista, wanda ba a yi wa ba a rufe shi. To, tsohuwar da ba ta samu katin ANIP ba fa? Falken da ya shigo ta Nikki da layin Najeriya fa? In wuta ta tashi cikin dare suka danna 118, kiran zai shiga? In ya shiga, a unguwar da gidaje ba su da lamba, sai kwatance: bayan masallaci, kusa da mangwaro. Kafin 'yan kwana-kwana su gane, rufi ya faɗo.

Akwai magani. Kowane kira ta ƙarfen rezo yake bi, kamfani kuwa ya san wane ƙarfe ne. A Turai, wayar zamani da kanta take aika wurin da mai kiran 112 yake.

Buƙatarmu ita ce ARCEP ta tilasta wa MTN, Moov da Celtiis su bar 117 da 118 a buɗe ga kowace waya, su miƙa wurin mai kira nan take.

Ku ba mu ƙuri'arku, mu kai wannan doka majalisa a Porto-Novo.