Buhu 9 ko Buhu 90: Lacca kan Lokacin Tsayawa

  Bari in shiga magana tun rana ba ta take ba.

Ba sai na ba ku labarin kwaltar Gidan Rumji zuwa Maradi ba, ko ta Agye da Gazawa. Kowa a nan Gidan Sori ya taɓa zuwa gaisuwar wanda ta ci. Abin da ya kawo ni shi ne tsohuwar gardamata da masu taron wayar da kai. Su zo da lasifika, su ce a rage gudu, su sha ruwa su koma. Gaskiya suka faɗa, amma rabinta. Rabin da suke bari shi ne tsawon lokacin da jiki ke ɗauka kafin ya tsaya.

Duk abin da ke tafiya yana ɗauke da abin da zan kira ƙarfin tafiya, wato nauyinsa sau gudunsa. Kafin ya tsaya, dole wannan ya ƙare ƙaf, abin da ke cinye shi kuwa shi ne ƙarfin bugu sau lokacin da bugun ya ɗauka. Isaac Newton ya aza tushen wannan tun 1687. In lokaci ya gajarta, bugu ne ke biyan sauran.

Mu auna da buhun gero mai kilo 100. Ga mutum mai kilo 60 bisa babur, yana gudun kilomita 54 a awa, wato mita 15 kowane sakan. Ƙarfin tafiyarsa 60 sau 15, 900 ke nan. In ya taka birki ya tsaya cikin sakan 3, abin da jikinsa zai ji bai wuce nauyin kilo 30 ba, ko sulusin buhu bai cika ba. In ya tsaya cikin kashi 1 bisa 10 na sakan, buhu 9 ne suka danne shi. In kuwa kututturen bedi ya tare shi, ya tsaya cikin kashi 1 bisa 100 na sakan, buhu 90 ne, tan 9, a kan ƙirji guda. Ku sake dubawa. Mutumin bai ƙara ƙiba ba, gudun ma shi ne dai 54 ɗin nan. Tsakanin sulusin buhu da buhu 90, lokaci kaɗai na taɓa. Shekara da shekaru nake wannan lissafi a allo, har yanzu in na iso buhu 90 sai na ajiye alli.

Kuma kun riga ni sani. Magini in aka jefo masa tubali, sai ya cafe ya bi shi da hannu ƙasa. Mai ƙwan zabi tana jera shi cikin ƙaiƙayi kafin ta kama hanyar kasuwa. Filin kokawar Maradi rairayi aka zuba masa. A kwaɓa masa siminti a gani ko akwai ɗan kokawar da zai yarda ya shiga.

To, me ya sa in an zo batun mota sai mu juya? Sai ka ji ana yabon wadda ta yi karo ba ta lotsa ba, ana tsakin ta zamani wai gwangwani ce. Da gangan aka yi gabanta ya murƙushe. Injiniya Béla Barényi ne ya kawo dabarar, Mercedes ta fito da ita a motocinta a 1959, shekarar da Volvo ta fara sa bel ɗin Nils Bohlin mai kama ƙirji da ƙugu. Motar da ta ƙi lotsewa, haƙarƙarin direba take miƙa wa bashin. Ƙarfen da masu walda ke liƙa wa gaban mota ma haka, ga shi yana karya mai tafiya a ƙasa.

Hular kwano kuwa, aikin yana ga farin soson da ke ciki, wanda ke matsewa a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai kyau tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin 100. Na san za a ce zafi, za a ce tsada. A tambayi wanda ya yi jinyar fasasshen kai nawa ya kashe. Masu cewa ƙaddara kuma, ban ga wanda ya jera ƙwai a kwano ba ƙaiƙayi ya ce ya dogara ba.

Abin da nake nema shi ne wanda na saba nema. Jandarma ya daina wadatuwa da ganin kwano a kai. Ya juya hular ya duba soso, ya ja igiyar haɓa. Ƙungiyar ƴan kabu-kabu ta tanadi hula ta biyu don fasinja. Abokan aikina malamai kuma su bar haddar da yara lissafin da ba su taɓa gani ba. Ga ƙwai biyu na taho da su, ga zane, ga bango. Yara biyu su zo su riƙe mini zanen sako-sako.