Dutsen Karmel: Ƙaramin Dutse a Bakin Teku



Dukanmu mun san labarin annabi Iliya a Dutsen Karmel cikin 1 Sarakuna sura 18. Yau ina so mu ga inda dutsen yake, domin wurin da kansa yana da abin koya mana.

Karmel yana arewacin ƙasar Isra'ila ta yau. Jerin tuddai ne da suka miƙe har bakin Bahar Rum, inda birnin Haifa yake zaune a jikinsu. Ƙwanƙolinsa bai kai mita 600 ba, alhali Dutsen Harmon ya haura mita 2,800. Ma'anar sunan kuwa lambu ce, gama iskar teku takan kawo masa ruwa, ya zauna kore. Rafin Kishon yana bin gindinsa ya faɗa teku, kwarin Yezreyel kuma yana gabas da shi.

Ku lura da abu biyu. Na fari, in ka bi gaɓar teku ka yi arewa, za ka kai Taya da Sidon, ƙasar Yezebel matar sarki Ahab, inda ake bauta wa Ba'al a kan shi ke ba da ruwa. Ashe a ƙofar gidan Ba'al ne Iliya ya tsaya shi kaɗai gaban annabawa 450, bayan fari na shekara uku da rabi.

Na biyu, mu nan gabas muke dubawa in hadari zai taso. Su kuwa daga yamma ruwansu yake zuwa, ta kan teku. Shi ya sa Iliya ya aiki baransa ya duba wajen teku har sau bakwai. Sau shida ya komo bai ga kome ba. A na bakwai ne ya hangi ɗan girgije kamar tafin hannu.

'Yan'uwa, waɗansunmu a majami'arsu ba sa cika benci biyar ran Lahadi, har sukan ce ko a rufe kawai. Iliya ma ya taɓa cewa shi kaɗai ya rage, amma Ubangiji ya nuna masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Dattawa, kada ku rufe ƙofar nan. Ku ci gaba da addu'a, ku sake aikan yaro ya duba.

Ubangiji ya ƙarfafa mu. Amin.