Kwanciyar hankali a gindin gawo: jawabi ga matasan birni



Yau ina so mu taɓa wani abu da yawancinmu muke nema amma ba mu cika faɗa ba, wato kwanciyar hankali. Kun san yadda dare yake a Maraɗi ko Yamai. A tashi daga fada ƙarfe ɗaya bayan an sha shayi na uku, a kwanta da waya a hannu. Ga diploma cikin jaka ba aiki, ga mai gida yana jiran kuɗin haya, ga aboki ya turo hoto daga Libiya. Jiki bai gaji ba, kai ne ya gaji. Shi ya sa wasunmu suka faɗa tramol.

Idan abin ya ishe mu sai mu ce, ai mutanen ƙauye sun huta. To mu leƙa ƙauyen mu gani. Mu ɗauki Korgom, komin da ke cikin gundumar Tasawa, kudu da babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ba nisa da iyakar Najeriya.

Gaskiyar magana, ba su huta ba. Ƙasar rairayi ce, damana ɗaya ce tak, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Gonar gado kullum ana raba ta, tana ƙanƙancewa. Cikin Agusta, lokacin da aiki ya fi tsanani, lokacin ne rumbu yake yin ƙasa, a shiga cin bashin tiya kafin kaka. Wanda ya ga yunwar 2005 a jihar Maraɗi ba zai ce maka ƙauye aljanna ce ba. Amma duk da haka manomin can yana da abin da mu muka rasa, kuma abin yana cikin aikinsa.

Aikin gona ba ya karɓar gaggawa. Ruwa ya sauka, a ɗauki sungumi a yi shuka. Hatsi ya tsiro, a yi noman farko, a cire, a yi maimai. Daga nan sai jira. Ko ka kwana a gona kana kallonsa, hatsi sai ya yi wajen wata uku kafin ya nuna. Manomi ya san iyakar abin da ke hannunsa: taki, iri, hauya, sammako. Ruwan sama ba nasa ba ne. Mu kuwa dare da rana muna ɗauke da damuwar abin da ba mu da iko a kansa, labarin duniya duka yana zubowa cikin wayarmu, ba ko ɗaya da za mu iya sa wa hannu. Shi da la'asar yana juyawa ya ga inda ya nome da inda ya rage. Gajiyarsa tana da dalili, shi ya sa barcinsa yake da nauyi.

Kuma ba shi kaɗai yake ba. Akwai gandu na gida duka, akwai gamana ta mace ko saurayi, akwai gayya idan aiki ya fi ƙarfin mutum guda. Wanda bai fito gona ba kwana biyu, za a leƙa a tambayi lafiya. A birni fa? Kana da abokai dubu a Facebook, ka yi sati kwance ba wanda ya sani.

Bari in ba ku labarin itatuwan da ke cikin gonakin nan, don ya fi duk abin da zan faɗa. Bayan farin shekarun 1970 da yunwar 1984, wadda iyayenmu ke kira El-Buhari, gonakin jihar Maraɗi sun zama fili fetal. Manomi yana sassabe ya share komai, iska ta binne shuka, sai an sake shuka sau biyu ko uku. Dokar wancan zamani ma ta sa icce na gwamnati ne, to wa zai raini abin da ba nasa ba? An dasa itatuwa da yawa, akasari sun mutu. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sarewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, kututtura ne masu rai, saiwoyinsu na nan ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta buƙatar kuɗi: ka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kan kututture, ka datse sauran, ka kare su. Manoma suka sa mata suna sassaben zamani. Ƙauyuka kamar Ɗan Saga a gundumar Agye suka kafa kwamitin tsaron itatuwa. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince da haƙƙin manomi kan iccen da ya raina.

Sabara, kalgo da gawo suka dawo. Kun san halin gawo: da damana yake zubar da ganye, bai tare wa hatsi rana, da rani kuma ya yi kore, ya ba da inuwa, 'ya'yansa su ciyar da bisashe. Mace ta samu iccen girki kusa da gida. Mai gona ya rage fargabar iska. Wannan ita ce kwanciyar hankalin da nake nufi: mutum ya san abin da ya raina nasa ne, kuma zai same shi baɗi.

Amma tana iya kuɓucewa. A kudancin jihar Maraɗi ƙarancin ƙasa ya sa mata da yawa sun rasa gamana. Gonar da aka jinginar cikin yunwa sau da yawa ba ta dawowa. Iccen da muke girki da shi a birni daga karkara yake zuwa. Don haka maganar ta shafe mu.

Ban ce kowa ya tattara ya koma ƙauye ba. Abu uku nake roƙo. Na farko, ka shuka wani abu cikin satin nan. Tsohon bokiti ko buhu, ƙasa da ɗan taki, ka sa zogale, yakuwa ko kuɓewa. Ruwan wanke shinkafa ya ishe su. Ka ba su ruwa da safe kafin ka buɗe waya. Ke ma 'yar uwa, bayan ɗaki ya isa garka. Na biyu, idan kana da gonar gado, ka je da damana ko na sati guda, ka riƙe hauya, ka tambayi tsofaffi sunan kowane icce. Kada ka sayar da ita don sayen babur. Na uku, idan ana rabon gado a gidanku, ka tsaya ƙannenka mata su samu nasu.

Zogalen bokiti ba zai biya maka haya ba, ba zai ba ka aiki ba. Amma zai ba ka abu guda da ke jiranka kowace safiya, wanda ke girma saboda kai. Wanda ya shuka, ya turo mana hoton ganyen farko.

Allah ya ba mu damana mai albarka.