Dendirokuronoloji: Gaɓoɓi Takwas a Bakin Bahaushe

Shugaban taro, 'yan'uwana ɗalibai da ma'aikata 'yan ƙasar Buji.

Kalmar da na kawo muku yau daga harshen Girka Turawa suka haɗo ta: dendron itace, kronos lokaci, logos ilmi. Ma'anarta sanin shekaru ta hanyar ƙirga zobban da ke cikin kututturen itace. Itatuwa da yawa kan ƙara zobe guda kowace shekara, mai faɗi idan damina ta yi albarka, siriri idan an yi fari. Masanin taurari A. E. Douglass ne ya kafa wa ilmin ɗakin bincike a Jami'ar Arizona ta Amurka a 1937.

Bature gaɓa shida yake furtawa, yana cusa baƙi biyu wuri guda. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu, sai ta raba su da wasali, kamar yadda ta yi wa burodi da furamare. Saboda haka mu takwas za mu faɗa: den-di-ro-ku-ro-no-lo-ji. Ku lura, gaɓa ta huɗu "ku" ce, ba "cu" ba.

Kada ɗayanmu ya ji kunyar wannan furuci, domin ƙa'idar harshenmu ce. Abin kunya shi ne mu koma Gantsa mu kasa yi wa manomin da ya ga farin 1973 da na 1984 bayanin cewa itace ma yana riƙe da lissafin irin waɗannan shekaru. A gabansa sai mu ce "ilmin zoben itace", nan take zai gane.