KASKON WUTA A ƊAKI: A JI ƊUMI, A KUMA WAYI GARI LAFIYA

Wannan jawabi ne da wani malamin tsabta ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a ƙasar Ɗambatta. An rubuta shi ne don amfanin manoma da iyalansu.

Bayan gaisuwa, malamin ya ce daga watan Disamba zuwa Fabrairu hunturu yakan yi tsanani a ƙasashen Ɗambatta, Makoɗa, Kunci da Bichi. A lokacin nan kusan kowane gida ana shiga da kaskon wuta ɗaki. Ya ce jin ɗumi ba laifi ba ne. Amma wutar da ke korar sanyi tana iya kashe mutanen ɗaki gaba ɗaya a dare guda.

GUBAR DA BA A GANI

Ya ce mutane da yawa suna zaton hayaƙi ne kaɗai abin tsoro. Idan gawayi ya yi ja, hayaƙi ya ɗauke, sai su rufe ƙofa da taga su kwanta. To, nan haɗarin yake. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba ko da babu hayaƙi. Likitoci suna kiran ta kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Idan mutum ya shaƙe ta, jini yana kama ta fiye da iska mai kyau wajen sau 200. Daga nan sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa iskar da suke bukata.

Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da jin barci. Wanda yake barci ba ya jin komai. Yana iya zarcewa ke nan. Ya ce idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, kada a ce iskokai ne ko sammu. A fara duba kasko.

Ya ƙara da cewa jarirai, mata masu ciki, tsofaffi da masu ciwon zuciya su ne gubar ta fi saurin kayarwa. Saboda haka ya roƙi iyaye mata su lura da ɗakin mai jego. A nan ne aka fi toshe kowace kafa a hura wuta.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Malamin ya kawo dokoki guda bakwai:

1. A hura wuta a tsakar gida. Kada a hura ta da fetur ko leda ko roba.
2. A duba kasko. Idan ya tsage, a sake wani. Kasko ya fi ɗaki araha.
3. A ajiye shi a kan ƙasa ko yashi, nesa da tabarma, katifa, labule da gidan sauro.
4. Muddin wuta tana ɗaki, a bar taga ko ƙofa a buɗe.
5. Kada a bar yaro ko mai farfaɗiya shi kaɗai kusa da wuta.
6. Kafin a kwanta, a fitar da kaskon waje. A ƙara bargo da rigar sanyi.
7. A yayyafa wa toka ruwa kafin a zubar. Garwashi yana kwana da rai a ƙarƙashin toka.

Ya ce doka ta shida ita ce uwa. Wanda ya manta da sauran, to kada ya manta da ita. Haka kuma janareta, kada a tayar da shi a cikin ɗaki ko shago ko zaure, domin irin wannan guba yake fitarwa.

GOBARA

Game da gobara, malamin ya ce gidajen karkarar Kano a haɗe suke, ga dangar kara, ga jinka, ga harawa a kan rumfa. A hunturu komai ya bushe, iska kuma tana kaɗawa. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye rumbun da aka yi damina guda ana wahalar cika shi. Ya ba da shawara a nisanta murhu da rumbu da tarin kara. A kwana da ruwa a randa da bokitin yashi a kusa. Mai unguwa kuma ya ajiye lambar wayar Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano.

IDAN ABU YA FARU

Wani dattijo ya tambaya, yaya za a yi idan an tarar da mutum ya suma a ɗaki mai kasko? Malamin ya ce, “Baba, a buɗe ƙofa da taga nan take. A fito da shi sarari. A kwantar da shi a kan gefensa. Kada a ɗura masa ruwa ko nono ko manja. A garzaya da shi asibiti, ko da ya farfaɗo.”

Idan kuwa ƙuna ce, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har minti 20. Kada a shafa ƙwai, gishiri, toka ko man goge baki. A rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti. Idan riga ce ta kama, kada a ruga da gudu. A kwanta a yi birgima, a lulluɓe mutum da bargo.

A ƙarshe ya ce tun da ɗaliban sun iya karatu, kowa ya karanta wa iyalinsa da maƙwabtansa waɗannan dokoki. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya tsare mu, Ya sa mu ga bayan hunturu lafiya.